Daga Zauren Malam Zuwa Ɗakin Likita: Haƙƙin Dattawanmu Kan Sankarar Mafitsara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Akwai wata tambaya da duk malamin da ya daɗe yana karantar da Ahlari ko Risala a zaure ya saba ji, kuma galibi ba a yin ta sai almajirai sun watse. Dattijo kan matso kusa, ya sassauta murya, ya ce: "Malam, mutum ne ya kama ruwa ya yi alwala, yana tsaye a sahu sai ya ji ɗigo. Yaya sallarsa?" Malam zai warware masa hukunci, shi kuma ya tashi da natsuwa a zuciya. Abin da ba kasafai ake ƙara masa ba shi ne ya je likita ya duba shi. Tambayar tana da ɓangare biyu, na fiƙihu da na lafiya, kuma sau da yawa na farkon kaɗai ake amsawa.

A cikin gida kuwa akwai waɗanda suka riga malam sani. Uwargida ta san sau nawa maigida ya buɗe ƙofa tsakanin isha'i da asuba. Yaron da ke cika buta ya san ta fara ƙarewa da wuri. Mai wanki ta ga abin da ta gani a jikin wando. Kowannensu ya yi shiru saboda girman maigida, shi kuma ya yi shiru saboda kada girmansa ya zube. A cikin wannan shiru ne cutar da ake iya shawo kanta da wuri take samun shekarun da take buƙata ta yi ƙarfi.

Mece ce wannan cuta?

A gidajen rediyo da jaridu ana kiranta sankarar mafitsara, ko kansar mafitsara. A haƙiƙa ba jakar fitsarin take kamawa ba. Wata ƙaramar gaɓa ce da maza kaɗai suke da ita, likitoci suna kiranta furostet, girmanta bai wuce na goro madaidaici ba. Tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye bututun da fitsari ke bi, kuma ita ke samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Idan namiji ya manyanta takan ƙara girma, ta matse bututun, sai fitsari ya riƙa fita da ƙyar, ko ya riƙa tsinkewa, ko mutum ya gama amma ya ji da saura, ko ya riƙa tashi sau da yawa cikin dare.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abu biyu a nan. Na farko, mafi yawan dattawan da ke fama da waɗannan alamomi ba sankara gare su ba, kumburin gaɓar ne kawai irin na shekaru, kuma yana da magani. Na biyu, ita sankarar a farkonta sau da yawa ba ta nuna alama ko ɗaya. Mutum yana noma, yana cin kasuwa, yana jin ƙarfinsa, alhali tana nan. Idan ta daɗe takan bar mazauninta ta tafi ƙashi, musamman ƙashin baya da na ƙugu. Saboda haka alama dalili ce ta zuwa asibiti ba tare da firgita ba, rashin alama kuma ba shaida ce ta tsira ba.

Ƙididdigar cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2022 ta nuna cewa wannan ce sankarar da ta fi kama maza a Najeriya: kimanin sababbin masu ita 18,000 a shekara, waɗanda suka rasu kuma sun haura 11,000. A watan Afrilu na 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya yi hasashen cewa masu kamuwa da ita a duniya za su tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040. Abubuwa uku ne suka fi ƙara haɗarinta: shekaru, musamman daga 50 zuwa sama, gado, domin wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta haɗarinsa ya ninka, da kuma kasancewa baƙar fata. A Birtaniya an ƙiyasta cewa namiji 1 cikin 8 zai gamu da ita a rayuwarsa, amma a tsakanin baƙar fata 1 ne cikin 4.

Sunayen da muke ɓoye ta da su

A Talata Mafara da Bakura da Maradun, kamar sauran ƙasar Hausa, cutar takan shigo gida da sunan aro. Na farko shi ne tsufa. Idan dattijo ya yawaita kewayawa sai a ce girma ne ya zo. Amma hadisin Usamatu ɗan Sharik, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, ya raba tsakanin abubuwan biyu: ƙauyawa sun tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko su nemi magani, ya umarce su da nema, ya sanar da su cewa kowace cuta tana da maganinta, tsufa kaɗai ya keɓe. To, wahalar fitsari tana cikin abin da ake yi wa magani. Wanda ya jefa ta cikin tsufa ya rufe ƙofar da shari'a ta bari a buɗe.

Suna na biyu shi ne tsargiya. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, rayuwar waɗannan ƙananan hukumomi uku ta ɗauru da noman rani da magudanan ruwa, kuma inda ake yawan shiga irin wannan ruwa tsargiya ba baƙuwa ba ce. Mutane da yawa sun taso suna ganin jini a fitsari tun suna yara, har ya daina ba su tsoro. Jini a fitsarin mutum mai shekara 50 ko 60 wani abu ne daban. Yana iya zama daga wannan gaɓa, yana iya zama daga jakar fitsarin kanta, wadda tsargiyar da ta daɗe ba a magance ta ba kan jawo mata tata sankarar. Ko sau ɗaya aka gan shi, a kai shi asibiti.

Suna na uku shi ne gajiyar gona. Manomin da ya yi shekara 40 yana duƙe a fadamar shinkafa ba ya mamakin ciwon baya. Amma ciwon baya ko na ƙugu da ba ya lafawa da hutu, wanda ke tashin mutum cikin dare, musamman idan ya zo da rama da kasala, ya wuce a shafa masa man zafi.

Na huɗu shi ne sanyi da basir, sunaye biyu da suka zama rumbun da ake zuba duk wani ciwo na ƙasan cibiya. Ranar kasuwa mai lasifika yana nan da jarkarsa, mai kemis ma yana da ƙwayar da zai bayar. Wataƙila a sami sauƙi na mako biyu, sai a koma a sake saye, shekara ta shige. Kuɗin da aka kashe a hankali a wannan hanya kan fi na gwaji yawa, lokacin da aka ɓata kuma ba ya dawowa.

Kunya da iyakarta

Kunya tana daga cikin imani, kuma babu mai son gidan da ɗa zai tsaya gaban mahaifinsa yana maganar al'aura gatsau. Sai dai magabata sun nuna mana yadda ake haɗa kunya da neman mafita. Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kasance mai yawan maziyyi, ya ji nauyin tambayar Annabi saboda yana auren 'yarsa, sai ya aiki Miƙdadu ɗan Aswad ya tambayo masa. Buhari da Muslim duk sun kawo wannan. Kunyar suruki ta hana shi tambaya da bakinsa, ba ta hana amsar isowa gare shi ba. Imrana ɗan Husaini kuma ya faɗi da kansa cewa basir gare shi lokacin da ya tambayi yadda zai yi salla, kuma da dalilin tambayarsa al'umma ta sami hukuncin sallar marar lafiya. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na basir da na ciwon ido, bai ga hakan ya rage masa daraja ba.

Darasin ga iyali a fili yake. Idan ɗa ba zai iya buɗe zancen ba, akwai aminin mahaifinsa, akwai ƙanen mahaifin, akwai limamin unguwa, akwai wani ma'aikacin lafiya da dattijon ke ganin girmansa. Uwargida tana da lokutan da babu kowa sai ita da shi. A zaɓi lokacin natsuwa, a kauce wa gaban yara da surukai. A fara da abin da ya fi damunsa, wanda galibi tsarkinsa ne da barcinsa: "Baba, na ga dare ba ya yi maka daɗi. An ce akwai maganin da ke rage yawan tashin nan. Bari in raka ka ranar Litinin." Ba lallai a ambaci sankara a ranar farko ba, tunda ba a san ita ce ba.

Game da buɗe al'aura gaban likita, malamai sun yi ittifaƙi a kan halaccinsa gwargwadon larura. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da za a tarar a asibiti

Tsoron abin da ba a sani ba yana hana mutane da yawa fita daga gida, don haka ya kamata mai rakiya ya san matakan tun kafin a tashi. Akwai gwajin jini da ake kira PSA, wanda ke auna wani sinadari da gaɓar ke fitarwa. Hawansa ba hukunci ba ne, domin kumburin shekaru da ciwon fitsari na ƙwayoyin cuta su ma suna ɗaga shi. Akwai dubawa da yatsa ta dubura, wadda likita ke yi da safar hannu cikin ɗan lokaci kaɗan don ya ji girman gaɓar da taurinta. Idan aka ga abin shakka sai a ɗauki hoto, sannan a ɗebo ɗan ƙanƙanen nama da allura a duba shi. Wannan na ƙarshen ne kaɗai ke tabbatar da sankara.

Likitoci suna shawartar namiji baƙar fata ya fara tattauna gwajin da likita tun daga shekara 45, wanda kuma cutar ta kama mutum fiye da ɗaya a gidansu ya fara tun yana 40, ko da ba ya jin komai.

A fara da babban asibitin da ya fi kusa, a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, a nemi takardar turawa idan an ga buƙata. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake da ƙwararru kan cututtukan mafitsara da sashen kula da masu sankara. Kowa ya san halin da hanyoyin yankin suke ciki na rashin tsaro, don haka a tsara tafiya da hantsi, a tabbatar da ranar ganin likita kafin a tashi, a kuma tanadi masauki wurin 'yan'uwa idan za a kwana. A tara duk takardun gwaji a jaka ɗaya, a ware ɗan littafi na rubuta sunayen magunguna da ranakun komawa.

Magani ya danganta da matakin da aka tarar. Wani sa ido kawai za a riƙa yi masa, domin tasa mai tafiyar hawainiya ce. Wani za a yi masa tiyata, wani gashi da na'ura. Idan ta bazu, akan rage sinadarin mazakuta da take rayuwa a kansa, ta hanyar allura duk wata ko duk wata uku, ko ta ƙaramar tiyata. Waɗannan magunguna suna iya raunana kusantar iyali ko su kawo yoyon fitsari, kuma wannan tsoron ne ke sa wasu maza guduwa bayan an fara. Haƙƙin maigida ne likita ya yi masa bayani dalla-dalla kafin ya zaɓa, kuma kalmar kwantar da hankali daga matarsa a wannan gaɓa ta fi ta kowa nauyi. Nelson Mandela an yi masa gashin wannan cuta a 2001, ya rayu har 2013. Farfesa Wole Soyinka ya fito fili a 2014 ya ce ya yi ta kuma an yi masa magani. A ɗaya ɓangaren, ita ce aka bayyana a matsayin sanadin rasuwar Gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, a watan Disamba na 2023. Ajali yana hannun Allah, amma riƙo da sababi umarni ne.

Alamomi biyu ba sa jiran gari ya waye: fitsari ya ɗauke gaba ɗaya mara ta kumbura, ko ƙafafu su fara mutuwa da nauyi ga mai ciwon baya, musamman idan ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida. Na biyun yana nuna an danne lakar baya, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya barin mutum a kwance.

Ibadar majinyaci da aikin mai jinya

Babban abin da ke karya zuciyar dattijo mai wannan larura shi ne tunanin ba shi da tsarki. Wasu sukan daina zuwa jam'i, wasu har su bar salla da niyyar ramawa idan sun warke. Wajibi ne iyali su isar masa da sauƙin da addini ya yi. A mazhabar Malikiyya, fitsarin da ke fita ba da ikon mutum ba, idan ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, sai dai an so ya sabunta ta ga kowace salla idan babu wahala, kamar yadda mai Risala ya yi nuni. Abin da ke taɓa tufafinsa kullum ta wannan hanya an yi masa rangwame a kai. Masu sharhi sun ɗora wannan sauƙi a kan rashin ikon kawar da larurar, suka kuma ba da uzuri a tsawon lokacin da ake magani, wanda ke nuna fiƙihun kansa yana tura mutum wurin mai magani. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kishingiɗe, wanda ruwa zai cutar ya yi taimama. Game da azumi, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta yanke cewa robar fitsari da allurar da ba ta abinci ba ba sa karya azumi. Wanda azumin zai wahalar kuwa yana da rangwamen marar lafiya. A koma ga malami don hukuncin kowane mutum daidai da halinsa.

Idan an sa masa roba, jakar ta kasance ƙasa da mararsa koyaushe, a wanke hannu kafin a taɓa ta da bayan an taɓa, ya riƙa shan ruwa isasshe, a koma canza ta a ranar da aka yanka. Zazzaɓi ko tsayawar fitsari a cikin robar dalili ne na komawa asibiti nan take. Idan ya kwanta, a riƙa juya shi duk bayan sa'o'i biyu saboda gyambon kwanciya. Maganin raɗaɗi a ba shi a kan lokacinsa kamar yadda likita ya rubuta, kada a jira sai ya yi nishi. Haƙuri da jarrabawa bai hana a rage wa bawa zafi ba.

Jinya aiki ne mai cinye jiki, kuma a gidaje da yawa akan bar shi a kan mace ɗaya. Lokacin da ciwon ajali ya tsananta ga Manzon Allah, ya nemi izinin matansa a yi jinyarsa a ɗakin Nana A'isha, suka yarda. Wannan abin koyi ne ga gidan da ke da mata fiye da ɗaya: a zauna a daidaita da yardar kowa. 'Ya'ya maza su ɗauki wankan mahaifinsu da kai shi kewaye da ɗaga shi, domin ya fi masa sutura. Kada wani ya ɗauka zama gefen majinyaci ƙaramin aiki ne. Sayyidina Usmanu bai halarci Badar ba saboda jinyar matarsa Ruƙayya, kuma Annabi ya tabbatar masa da lada da rabon wanda ya halarta. Suratul Isra'i ta keɓe lokacin tsufan iyaye da ambato, ta hana ko da ƙaramar kalmar ƙosawa, kuma mai canza shimfiɗa da tsakar dare shi ya fi kowa sanin nauyin wannan hani.

Batun kuɗi ma a zauna a kansa tun farko, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A rubuta abin da kowane ɗa zai iya kawowa duk wata, kada a sayar da gona cikin ruɗani. Gwamnatin Tarayya tana da asusun tallafa wa masu sankara marasa ƙarfi wanda ya haɗa da wannan cuta, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin waɗanda aka fara da su. A tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin da ake zuwa. Jihar Zamfara tana da Hukumar Zakka da Waƙafi da hukumar taimakekeniyar lafiya, kuma talakan da jinya ta durƙusar yana cikin masu haƙƙi a dukiyar mawadata.

Amanar wanda ya gani

Wanda ya yi jinyar mahaifi ko miji ko wa a wannan cuta ya sami ilimin da ba a koyarwa a aji, kuma ilimin yana da masu haƙƙi. Na farkonsu 'yan'uwan majinyacin da 'ya'yansa maza, waɗanda haɗarinsu ya ninka ko sun sani ko ba su sani ba. Al'adarmu ita ce a ce wane ya rasu bayan doguwar jinya, a rufe zancen. Sutura abu ne mai kyau, kuma ba a yaɗa sirrin marar lafiya sai da izininsa. Amma gaya wa baffa da yayye cewa ga sunan abin da ya kama Baba, likita ya ce ku ma ku je a duba ku, nasiha ce da zumunci ya wajabta. Idan majinyacin yana da rai da hankalinsa, a roƙe shi ya faɗa musu da bakinsa, domin maganarsa ta fi shiga.

Daga gida sai majalisa. Mai jinya ba ya buƙatar lasifika. Ya isa ya gaya wa abokan hirarsa cewa gwajin jini ne da ɗan dubawa, ya faɗa musu inda ake yi, ya yi tayin raka wanda ke jin tsoro. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da na Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara, da matan Islamiyya, su ne masu karanta wa iyaye takardar asibiti, su ne kuma za su iya kai wannan bayani ƙauyukan da jarida ba ta zuwa. Limamai da masu wa'azi kuwa, minti biyar a ƙarshen darasin tsarki sun isa su ceci wani magidanci daga kwanciyar shekaru.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya abin da ya same su ya zama kaffara, Ya saka wa masu jinya da mafificin alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuma dawo da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Amin.